BRICS ko IMF, wanne ya fi mana a Kebbi?

Ni dai in aka ce in zaɓa, BRICS zan ɗauka, wato ƙungiyar ƙasashen Brazil, Rasha, Indiya, China, Afirka ta Kudu da wasu. IMF (Asusun Ba da Lamuni na Duniya) da Bankin Duniya suna da kuɗi kam, amma bashinsu sai da sharaɗi, tun shirin gyaran tattalin arziki na SAP a 1986 ake cewa a cire tallafi a karya naira, talaka ya sha wuya. BRICS kuwa sun kafa bankinsu a Shanghai, suna son a riƙa ciniki da kuɗin gida, kuma ka shiga fadamar Argungu ka gani, injin ban ruwa na China ne, babur Bajaj na Indiya. Matsalar dai Najeriya tun Janairun 2025 abokiyar hulɗa ce kawai ba cikakkiyar mamba ba, kuma wallahi har yanzu dala ce ke yanke kuɗin buhun taki a Birnin Kebbi.