Hattara da mai sayar da "sipirit marar baƙi" na murhun tafiya

Jama'a, duk mai amfani da ɗan murhun nan na sipirit, wanda matafiya da masu kwana a daji ke dafa shayi da taliya a kai, ya buɗe ido. Akwai wani mai talla a Facebook da WhatsApp da ke sayar da abin da yake kira mai na musamman, wai an zuba masa wani sinadarin sirri da ke hana gindin tukunya yin baƙi. Sai ka tura kuɗi tukuna, sannan ya ba direba a tasha ya kawo maka. Abin da ke isowa tsohuwar robar ruwan sha ce, ba sunan kamfani, ba bayanin abin da ke ciki. In ka koma da ƙorafi, ya toshe lambarka.

Sirrin nasa ruwa ne. Sirka sipirit da ɗan ruwa don rage kunkunniya tsohuwar dabara ce, kamfanin Trangia na Suwidin, wanda ya yi suna wajen ƙera irin wannan murhu, shi da kansa yake ba da shawarar haka. Ma'aunin da aka saba shi ne kada ruwan ya wuce kashi 10 cikin 100: cokali 9 na sipirit, cokali 1 na ruwa. Wannan kai ma za ka yi a ɗakinka ba tare da ka biya kowa ba. Shi kuwa mutumin nan ya labta ruwa fiye da ƙima, ya kuma ɗora kuɗi a kai.

Robar da aka kawo mini in duba, na zuba kaɗan a murfin gwangwani na kyasta ashana. Da ƙyar ya kama, wutar ta yi ta lumshewa, da ta mutu kuma sai ga ruwa kwance a gindin murfin. Sipirit na ƙwarai kamawa yake nan take, ya ci da shuɗin harshe, ya bar murfin kusan a bushe.

Da a nan abin ya tsaya, da asarar kuɗi ce kawai. Abin da ya sa na rubuta wannan shi ne roba ta biyu, wadda ke warin kananzir. Na zuba kaɗan a kofin gilashi, na ƙara ruwa, sai ya yi fari-fari, can kuma maiƙo ya taso sama. Sipirit zalla haɗewa yake da ruwa. Wato an yi algus ke nan, don wutar ta yi ƙarfi a ido. Wannan murhu buɗaɗɗen kofi ne, ba risho ba ne, ba a yi shi don kananzir ba, balle fetur, wanda tururinsa kaɗai ya isa ya tashi da fuskar mutum. Kuma hayaƙin da aka ce an yi maganinsa, kananzir ƙara shi yake.

Ga yadda man yake a gaskiya: sipirit iri-iri ne, akwai etanol, da isopropyl, da metanol. Wanda aka fi so shi ne etanol da aka gurɓata don kada a sha, shi ne sipirit ɗin da sau da yawa ake rina shi da launin shunayya. Amma launi ba shaida ba ne, kowa na iya ɗiga kala. Wanda aka rubuta isopropyl a jikin kwalbarsa yana ci da wuta ruwan ɗorawa, yana kuma baƙanta tukunya sosai, saboda ya fi sauran yawan kabon, sinadarin da ke zama kunkunniya: ƙwayarsa na ɗauke da 3, ta etanol 2, ta metanol 1. Man tsaftace hannu da ya rage tun lokacin korona shi ma ku bar shi, ruwansa ya yi yawa kuma yakan bar danƙo. Metanol ne ya fi ci da tsabta, sai dai zafinsa bai kai na etanol ba, da rana harshensa ba ya ko ganuwa, kuma guba ne mai makantarwa da kisa. Shi ne ya hallaka mutane a jihohin Ondo da Ribas a 2015, da aka sha shi cikin giyar ogogoro. To ku duba hatsarin ajiye irin wannan cikin robar ruwa marar rubutu a gidan da ke da yara.

Ku sayi sipirit a kemis ko shagon da kuka sani, cikin kwalbarsa ta asali mai hatimi, ku yi sirkin da hannunku. In tukunya ta ci gaba da baƙi, ku duba tazararta da wutar kafin ku zargi man. Kada kuma a ƙara mai sai murhun ya mutu ya huce, domin wuta na iya bin tururi ta shiga cikin kwalbar.

Wanda ya riga ya saya, don Allah kada ya zuba shi a murhu, kada kuma ya tuttular a kwata. Ya rubuta "guba" a jikin robar, ya ɗaga ta inda yaro ba zai kai ba, nesa da wuta. Ya adana hoton tallar da shaidar tura kuɗi, ya kai ƙara bankinsa da hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC, ya kuma kai rahoton shafin ga Facebook don a rufe shi.