Shagon gwanjon da ya raba kan maƙwabta a Birnin Kebbi

Tun kafin a buɗe wannan shago a wani layi na unguwar Badariya, magidantan layin suka kai kuka wurin mai unguwa cewa ba su amince a mayar da garejin gida wurin sayar da gwanjo ba, domin a ganinsu duk inda aka kwance dila, wato babban ƙunshin kayan gwanjo, 'yan kabu-kabu da 'yan kallo da tarin leda za su biyo baya. Daga ƙarshe an daidaita a kan cewa mai shagon ba zai kafa lasifika ba, kuma zai rufe kafin sallar isha'i.

Ta fuskar kaya, shagon ya fi yawancin rumfunan da na sani tsari. Zaɓin farko a rataye yake, sauran kuma an zube su a kan tabarma, don haka mai saye ya san abin da yake taya tun kafin ya buɗe baki. Ƙarfin shagon yana wajen kayan yara: rigunan sanyi masu kauri waɗanda za su kai yaro ƙarshen hunturu har ƙaninsa ya gada, da jakunkunan makaranta, da zannuwan gado. Na juya wuyan riguna da hammatarsu, na ja zip ɗin jakunkuna, ban tarar da ɗinkin ɓoye aibi ba, kuma yaron shagon bai ɓata rai ba da na fita da riga waje don in duba ta a hasken rana. Warin maganin da ake fesa wa dila yana nan, sai an wanke an shanya sosai. Ɓangaren mata ne ya yi rauni, saboda yawancinsa ɗinkin Turai ne, gajere kuma matsattse. Babu wurin gwaji, ba a kuma karɓar abin da aka riga aka fita da shi.

Farashi ya ɗara na Babbar Kasuwa kaɗan. Mai shagon ya ce daga Ƙofar Wambai ta Kano yake saro kaya, kuma tsadar ba daga shi ta faro ba. Gwanjo yana cikin kayan da hukumar kwastan ta hana shigowa da su, kaso mai yawa yana biyowa ne ta tashar ruwan Kwatano, an rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019, ta Kamba ba ta sake buɗewa ba sai Afrilun 2022, sannan faɗuwar naira tun daga Yunin 2023 ta sa sefa ta yi wa 'yan kasuwa nauyi. Duk da haka, matar da ba ta fita kasuwa, wadda a da sai ta aiki yaro da kuɗin kabu-kabu ya sayo abin da ba ta gani ba, yanzu ana kai mata kaya har cikin gida ta zaɓa.

To, maƙwabta sun yi gaskiya? A ranakun da ba a kwance dila, layin shiru yake, kuma ban ji lasifika ba. Amma ranar kwance dila labari ya sha bamban, domin tun da hantsi masu sari suke cika ƙofar, babura su tare bakin zauren gidan da ke kallon shagon, matan gidan su rasa hanyar fita, igiyoyin dila da ledoji kuma su ƙare a magudanar ruwan da ba ta da wuyar toshewa da damina. Wannan ƙorafi yana da tushe, kuma maganinsa yana hannun mai shagon: ya riƙa kwance dila a kasuwa, ya kawo zaɓaɓɓun kaya unguwa. Kafin ya yi haka, mai neman kayan yara ya je washegarin ranar dila bayan la'asar, ya kuma ajiye babur ɗinsa a bakin titi.