Akwatin NAS da muka saka a situdiyo, wata 14 kenan muna tare da shi a Garwa

Jama'a da yawa sun tambaye ni kan baƙin akwatin nan da ke ƙyafta wuta a bayan teburina, har wani ya ce ko rediyo ne, to bari in faɗi abin da na gani da idona. NAS ake ce masa, akwatin ajiyar fayil ne da duk kwamfutocinmu ke ajiya da ɗauka a cikinsa. Ni aikina hoto da bidiyon biki, ina da ɗan situdiyo a Yelwa, kwamfuta 3 da yara biyu masu haɗa bidiyo. Kafin akwatin nan rayuwarmu kile ce, wato filashi, da hadis na hannu, wato faifan ajiya na kwamfuta, wannan ya kwafa ya miƙa wa wancan, wancan ya manta a aljihu ya tafi gida da shi. Ranar da na gane ba za ta ɓulle ba ita ce ranar da wata Hajiya ta zo karɓar bidiyon auren 'yarta, na jona hadis ɗin sai ƙas ƙas ƙas kawai yake yi. Ta dube ni tace "ɗana, auren kuma sake shi za a yi?" Wallahi har yau in na tuna sai in ji zufa.

Wanda muka saya Synology ne, DS220+, na kamfanin Taiwan, mai ɗakin faifai biyu. Daga Duwala aka turo mana, kuma a sani shi akwatin fanko yake zuwa, faifan daban za ka saya, abin da ban sani ba kenan sai da kaya ya iso na buɗe naga wayam. In ka haɗa akwati da faifai da ondila, wato UPS, batirin nan mai riƙe wuta in an ɗauke, da wayoyi, kuɗin fa ba wasa ba ne, ni dai sai da na ɗage sayen sabuwar kyamara.

Yaron da ya haɗa mana, wato tekinisiyan, a Ngaundere ya yi karatu, kuma gaskiya ya san hannunsa. Wuni ɗaya ya ja wayar haɗa kwamfutoci mai suna Cat6 zuwa kowace kwamfuta, ya saka ƙaramin suwic da wayoyin ke haɗuwa a cikinsa, ya loda manhajar akwatin da suke kira DSM, akwai ta da Faransanci saboda haka yarana ba su sha wahala ba. Nace masa me ya sa ba za mu yi da wifi ba mu huta da huda bango, yace "Yaya, gwada ka gani". Na gwada tura bidiyo ɗaya ta wifi har na sha shayi na dawo bai gama ba, ta waya kuwa yana tafiya sama da mega 100 a sakan ɗaya, shi kenan na kama bakina.

Inda muka yi 'yar gardama shi ne wajen faifan. Na sayi biyu masu tera 4 kowanne, a lissafina tera 8 kenan, da ya gama sai naga akwatin na nuna min wajen 3.6 kacal. Na zaci cuta ce. Ashe tsarin da ya saka, RAID 1, duk abin da aka rubuta a faifai ɗaya sai an rubuta shi a ɗayan, kamar ɗan kasuwa mai littafin bashi biyu, in ɗaya ya ɓata ɗayan na nan. A lokacin na ji haushi, amma a watan Afrilu na gode masa. Zafin Garwa kun san shi, ya haura 40, kwano na ta ƙara shi, muna zaune da la'asar sai akwatin ya fara kuka tit tit, wutar faifai na biyu ta koma ruwan lemo. Laifina ne kuma, don yace in sayi irin waɗanda aka yi domin aiki dare da rana kamar WD Red ko IronWolf, ni kuma na yi rowa na ɗauko ɗaya na hannu a kasuwa. Shi ne ya mutu. Ko hoto ɗaya ba mu rasa ba, ya zare shi ya zura sabo akwatin na kunne, ya kwana yana kwafe kansa, da safe wuta ta koma kore.

Sai dai fa kar wani ya ɗauka faifai biyu na nufin ka tsira. Ƙaramin yarona ya taɓa goge fayil ɗin wani bikin suna gaba ɗaya, kuma gogewa ma a faifan biyu take faruwa lokaci guda. Abin da ya cece mu kwandon shara ne da tekinisiyan ya kunna tun farko. Ɓarawo, gobara, tsawa ko kwayar cutar nan mai kulle fayil a nemi kuɗi, duk ba ruwansu da faifai biyunka. Yanzu duk Juma'a in na dawo masallaci ina jona babban hadis a bakin USB ya kwafa, in tafi da shi gida.

Wuta kuma ita ce babbar magana. Mu nan da madatsar ruwa ta Lagdo muka dogara, in ruwan Binuwai ya ja baya kowa ya san me ke biyowa, a ɗauke a kawo a ɗauke. Akwatin nan ba ya son a yanke masa numfashi yana cikin rubutu. Ondilar tana da waya da ke shiga jikinsa, in kuran, wato wuta, ya tafi ta sanar da shi ya tattara aikinsa ya kwanta lafiya kafin batir ya ƙare. Wanda ba zai sayi ondila ba, don Allah ya bar kuɗinsa. Batirinta ma zafi na cinye shi, mun riga mun canja sau ɗaya.

Ƙura kuma, kai! Bayan hunturu da muka buɗe shi, fankar baya ta yi jawur kamar an barbaɗa mata yaji. Yanzu mun ɗaga shi daga ƙasa, muna hure shi duk wata.

Abin da bai min ba shi ne buɗe fayil daga nesa. Akwai hanyar, QuickConnect, na gwada daga Marwa da na je aiki, hoto yana zuwa amma bidiyo da irin intanet ɗin shagona sai dai haƙuri. Shi ma tekinisiyan, aikinsa tsaf, amma samunsa a waya sai ka kira sau biyar, ranar da akwatin ya yi kuka sai bayan isha ya iso.

In maki ne, akwati 4 cikin 5, tekinisiyan ma 4. Matsalata yanzu tera 4 ɗin saura kaɗan ta cika, bidiyon 4K ba ya tausayi, ga bukukuwan bayan sallah na tafe, kuma yace in za a ƙara girma sai an canja faifan duka biyu, ɗaya bayan ɗaya.