PostgreSQL ko SQL Server: Alhaji, ɗauki na farko, amma da sharaɗi

Alhaji, barka da yamma, ya mutanen Marwa? Ka tambayi wanne za ka ɗauka tsakanin PostgreSQL da SQL Server, manhajoji biyu na rumbun ajiye bayanan ciniki. Ga kantin magani irin naka, ma'aikata 9 masu karɓa-karɓa safe da yamma a kan kwamfuta 3, ka ɗauki PostgreSQL ka huta. Akwai sharaɗi guda da zai iya rushe wannan shawara, zan zo kansa.

Ni duka biyun sun ratsa ta hannuna a siton kayan masarufi da nake kula wa da lissafi a nan Garwa. Da SQL Server muka fara, kuma ba na cewa ba ya aiki, yana yi. Kuɗin da na sa maigida ya zuba ne har yau in na tuna nake jin kunya. Mutum 14 ne da mu a kan kwamfuta 5, na je na sayo lasisin mutum-mutum har 14, wanda suke kira User CAL, alhali Device CAL 5 sun wadatar, tunda shi wannan na'ura yake bi, ko mutum nawa ne suka zauna a kanta. A farashin da Microsoft ta sanya wa SQL Server 2022 Standard, lasisin uwar garke, wato babbar kwamfutar da rumbun yake zaune a kai, dala 989 ne, kowane CAL kuma dala 230. Kai da mutum 9, lissafinka ya kai dala 3,059. In ka bi ta na'ura, kwamfuta 3 da taka ta ofis, dala 1,909. Ka juya shi zuwa sefa da kanka, ka ɗora ribar dillali. In kuma a kan Windows Server za a girka shi, shi ma da nasa CAL ɗin daban.

Abin da ya fi ci mini rai, na ɗauka lasisin nan ƙofa ce mai kwaɗo, wato in na biya na mutum 14, na 15 ba zai shiga ba. Ashe takarda ce kawai tsakaninka da kamfanin. SQL Server ba ya ƙirga CAL, ko mutum 40 suka zo da sunan shiga ɗaya zai buɗe musu. In kana son hana mutum shiga sau biyu, sai an rubuta masa abin da ake kira logon trigger, wani umarni da ke tashi duk lokacin da mutum ya zo shiga, kuma kuskuren layi ɗaya a ciki yana iya kulle kowa a waje har da kai mai gida, sai an lallaɓa ta ƙofar gaggawa ta mai kula da rumbun. Iyakar abin da zan ce a kansa ke nan.

Wata Asabar ce ta sa muka sauya. Muna rufe lissafi bayan la'asar, sai ga buhun sukari 30 sun fita da sunan wani yaronmu mai karɓar kuɗi. Yaron nan tun ranar Juma'a yana Gider wajen sunan ɗan yayarsa. Na ɗaga allon rubutun kwamfutar kanta ta biyu, ga kalmar sirrinsa an rubuta da biro a bayan wani tsohon rasit, an manna da salatif. Kowa da ita yake shiga, don ita ce mai sauƙin haddacewa. Sukarin ba sace shi aka yi ba, bashi aka bai wa wani ɗan kasuwa aka manta ba a faɗa ba, amma kwana biyu yaron yana rantsuwa, ni kuma ba ni da abin da zan wanke shi da shi.

Da muka koma PostgreSQL, ko dala ba mu biya na lasisi ba, kuma ba ruwansa da yawan mutanenka. Kowa na buɗe masa sunansa. Layi ɗaya ake rubutawa, ALTER ROLE da sunan mutum sai CONNECTION LIMIT da adadin da kake so, shi ke nan an ƙayyade masa yawan shigar da zai iya yi lokaci guda. Sai wani fayil, pg_hba.conf, inda kake cewa wane ba ya shiga sai daga kwamfuta kaza. Yanzu ko yaron kanta ya bai wa abokinsa kalmar sirri, in abokin ya gwada daga kwamfutar sito, korar shi za ta yi. Fayil ɗin daga sama yake karantawa, layin farko da ya dace shi yake bi, don haka ka sa masu tsauri a sama. Yaran da muke ɗauka na wucin gadi lokacin azumi kuwa, VALID UNTIL nake sa wa kalmar sirrinsu, bayan salla da kwana biyu ta mutu da kanta, ba sai na tuna ba.

Kada in yi maka daɗin baki, na sha wuya a makon farko. Na sa wa kowa iyaka 1, ina jin na gama dabara. Ashe manhajarmu tana buɗe layin haɗi da rumbun har biyu ga mutum ɗaya, guda na ciniki, guda na buga rasit, sai firinta ta tsaya cik mutane na layi. Na mai da shi 2. Sai kuma ɗauke wuta, wanda ba sai na ba ka labarinsa ba. Kwamfutar da ke kan kanta ta mutu, uwar garke tana kan batir, ita a wurinta mutumin yana nan zaune. Wuta ta dawo, ya zo shiga, ta ce gurbinsa a cike yake. A pg_stat_activity, jerin waɗanda ke cikin rumbun, ake ganin irin wannan mataccen zama, a kore shi da umarnin pg_terminate_backend. Daga siga ta 14, wadda ta fito a 2021, akwai idle_session_timeout mai sallamar wanda ya daɗe shiru. Gaba ɗaya kuma layi 100 yake ɗauka in ba a taɓa saitinsa ba, ya fi ƙarfin kantinka nesa.

To ga sharaɗin. Ka tambayi wanda ya haɗa maka manhajar kantin abu biyu kafin ka motsa. Na farko, tana hawa PostgreSQL? Da yawa daga manhajojin lissafi da ake kawo mana daga Duwala da Yawunde a kan SQL Server kaɗai aka gina su. In taka haka take, ka fara da SQL Server Express, kyauta ne, ba ya bukatar CAL, kuma a sigar 2019 da 2022 rumbu ɗaya yana kai gigabait 10, wanda kantin magani zai daɗe bai cika ba. Ran da ya cika ka sayi lasisin Standard da Device CAL. Na biyu, da sunan kowane ma'aikaci take shiga rumbun, ko da suna guda na kowa da kowa? In guda ne, duk iyakar da na lissafa maka ba ta ganin mutum, sai dai a yi ta a cikin manhajar. Kuma kada wani ya ce maka wannan yana rage yawan CAL, ƙa'idar Microsoft mutane ko na'urorin da ke bayan manhajar take ƙirgawa.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu zuwa da filashi a aljihu. Wani zai girka maka sigar SQL Server da ake kira Developer, wadda kyauta ce kuma ba a yarda a yi kasuwanci da ita ba, ya karɓi kuɗin Standard. Wani Evaluation zai sa, ta kwana 180, ranar da ta ƙare ya daɗe da sauya lamba. Kafin ka ba da ko sefa ɗaya, a rubuta SELECT @@VERSION a gabanka, sunan sigar zai fito ɓaro-ɓaro. Wanda ya ce zai sayar maka da CAL 3 na "duk mutum uku da suka shiga lokaci guda", ka sallame shi, babu irin wannan a SQL Server. Kalmar sirrin babban asusu kuma, wanda sunansa "sa" a SQL Server, "postgres" a PostgreSQL, a rubuta maka ita a takarda ka gwada da hannunka, ka sa a durowar da kake kullewa kafin ka biya cikon kuɗin aiki.

In hanya ta biyo da kai Garwa, ka taho da yaron da ke kula maka da kwamfutocin, in buɗe masa namu fayil ɗin pg_hba.conf ya kwafa. Layi 11 ne kacal.