DDU: a wanke tsohon direba kafin a soka sabon katin girafik

Masu haɗa kwamfutar gem da masu editin bidiyo a Abuja, don Allah duk wanda zai canja katin girafik ya nemi wata ƴar manhaja da ake ce ma DDU, wato Display Driver Uninstaller, ta Wagnardsoft ce kuma kyauta take ba ko sisi. Abin yana damuna wallahi, mutum ya je Banex a Wuse 2 ya zuba kuɗi masu yawa ya sayi kati, ya dawo gida ya soka shi kawai a kan tsohon direba, wato manhajar da ke sa Windows ya iya aiki da katin, washegari sikirin ya fara ɗaukewa ko gem ya riƙa fita da kansa, sai a ce ai katin ne jabu a koma shago ana ta hayaniya da bawan Allah mai kaya alhali katin lafiyarsa ƙalau.

Cire direba ta Control Panel ba ya kwashe komai, yana barin ragowar fayiloli da saituna a ciki, kuma abin ya fi tsanani in daga Nvidia za ka koma AMD ko akasin haka. Ni daga GTX 1050 Ti na Nvidia na koma RX 6600 na AMD kuma DDU ce ta yi min aikin tsaf. Tun da rana na sauke direban AMD na ajiye, sannan na zare wayar intanet, wannan kam kar a manta domin Windows Update zai yi maza ya cusa maka nasa direban kafin ka ankara. Na danne Shift na latsa Restart na shiga Safe Mode, wato yanayin da Windows ke tashi da muhimman abubuwa kawai, na buɗe DDU na zaɓi Nvidia. Abin da ya fi burge ni akwai maɓalli na musamman na mai canja kati, ta wanke ta kashe kwamfutar da kanta, kai kuma ka cire tsohon ka sa sabon hankali kwance. Da ta tashi rubutu da aikon duk sun yi ƙato-ƙato, kar ka tsorata, ana sa sabon direba suke komawa daidai.

Inda take da wuya ga sabon shiga shi ne fuskarta ba ta da wani fasali, saituna birjik, in ba ka san abu ba ka bar shi yadda yake, sai dai ka tabbatar ta yi maka restore point, wato ajiyar saitunan Windows da za ka iya komawa gare ta in abu ya ɓaci. Kuma ka san ainihin fasuwad ɗinka tun kafin ka shiga Safe Mode, wani lokacin ba ya karɓar PIN. A shafin Wagnardsoft ko Guru3D kawai za a sauke ta.

Ba kullum ake buƙatarta ba sha, in Nvidia ce zuwa Nvidia, zaɓin clean installation da ke cikin instola ɗinsu yakan wadatar, AMD ma suna da tasu Cleanup Utility.

Sai batun wuta, RX 6600 na buƙatar waya mai fin (pin) guda 8 daga fawa saflai, 1050 Ti yawanci ba ya buƙata, to ka duba naka kafin ka biya kuɗi. HDMI kuma a jikin katin ake soka shi ba a madabod ba. In ba ka da UPS ko inbata, ka jira lokacin da wuta ta zauna a unguwarku sannan ka fara.