Man gyaɗa, manja ko na galan, wanne za ka saya wa gida?

Jama'a kafin ku shiga kasuwa ranar Laraba ko Juma'a ku ɗan tsaya, don mai ba duk ɗaya ba ne a jiki. Masana sun ce kowane mai haɗi ne na sinadaran kitse iri-iri, wasu suna daskarewa idan sanyi ya kama, wasu kuma ruwa suke zama. Akwai guda biyu, omega-6 da omega-3, da jikin mutum ba ya iya ƙera su da kansa sai an ci a abinci, da su ake gina bangon ƙwayoyin jiki, kuma bitamin A, D, E da K ba sa shiga jiki yadda ya kamata in babu maiƙo a abinci. Shi ya sa tuwon yara da miya mara mai ba ƙaramin cuta ba ne.

Ni dai man ƙuli ne zaɓina, wanda matan ƙauye suke matsa da hannu suna fitar da tunkuza. Mafi yawan abin da ke cikinsa sinadarin oleyik ne, irin wanda ke cikin man zaitun da ake ta yabo ana sayarwa da tsada, sannan yana da omega-6 daidai gwargwado, kitsen da ke daskarewa kuwa bai kai kashi 20 cikin 100 ba. Yana jure wutar suya, ƙamshinsa kaɗai ya isa ya gyara ɗanwake da shinkafa da wake.

Manja kusan rabinsa kitse ne mai daskarewa, amma jan nan nasa yana ba da bitamin A, a miya kaɗan ya isa. Man riɗi yana da kyau, mu Jigawa muke nomawa amma sai a kwashe ta Maigatari da Dawanau a fitar waje, tsada ta hana mu. Na waken suya yana da ɗan omega-3, sai dai ba ya son a yi ta maimaita suya da shi. Na galan mara suna kam ban ma sa shi a lissafi ba.

Yanzu ga inda matsalar take, algus. Na taɓa sayen kwalba cike da sunan man gyaɗa zalla, hunturu na shigowa ya kwanta fari a gindin kwalba, ashe manja ne da aka wanke aka ɗiga masa man ƙuli don ƙamshi. Man gyaɗa na gaskiya sanyin Kano ba ya sa shi ya daskare haka. Ki shinshina, ki ɗanɗana a yatsa, in ya yi maƙaƙi a wuya ya tsufa ne, a bar shi. Manja ma ana zuba masa rini don ya ƙara ja, hukumar kula da abinci da magunguna NAFDAC ta sha gargaɗi a kan haka, in kin goga a tafin hannu launin ya ƙi fita ko da sabulu ki ajiye musu kayansu. Sai kuma masu sayar da ragowar man suya da aka tace, baƙi-baƙi da warin kifi, wannan wallahi ko kyauta aka ba ni ba zan karɓa ba. Kuma ku tambayi mai matsar wace gyaɗa ta yi amfani da ita, gyaɗar da ta yi fumfuna tana ɗauke da guba mai illa ga hanta, gara ki saya wurin wadda kika san gidanta kika ga gyaɗar a shanye da idonki.