Kafin ka sallami tankin kananzir: wace na'ura ce ta cancanci tallafin gwamnati a ƙauyen Ingila

Duk wanda aiki ya kai shi karkarar Ingila, kamar mu da aikin asibiti ya jefo mu wani ƙauye a Norfolk, ya san bututun gas bai kai ko'ina ba. A bayan gida za ka tarar da wani ƙaton koren tanki, abin da ke ciki kuwa kananzir ne na dumama gida, ɗan uwan wanda muka taso muna zubawa a risho da fitilar ƙwai. Tanka ce ke kawo shi, kuma dillalai ba su cika tasowa don ƙasa da lita 500 ba. Wasu gidajen gas ɗin furofen (LPG), wanda shi ma mota ke kawowa, suke ƙonawa, shi kuma ya fi tsada, ga yarjejeniya da ke ɗaure ka da kamfani ɗaya har shekara biyu.

Abin da ya sa na juya wa kananzir baya shi ne watan Maris na 2022, bayan Rasha ta afka wa Yukiren. Lita ta haura fam ɗaya cikin 'yan kwanaki, tankinmu ya kusa ƙarewa, yara suna kwana da rigar sanyi. A lokacin na gane cewa iyakar farashin da hukumar Ofgem ke sa wa wutar lantarki da gas ba ta shafi mai ba. Abin da dillali ya faɗa shi za ka biya.

A shekarar ne gwamnati ta buɗe shirin Boiler Upgrade Scheme domin Ingila da Wels, Ofgem ce ke kula da shi. A Oktoban 2023 tallafin ya zama fam 7,500 ga famfon zafi (heat pump, na'urar dumama gida mai aiki da lantarki), na iska ne ko na ƙasa, da fam 5,000 ga tukunyar dumama mai cin itace. Kuɗin ba ya biyowa ta hannunka. Mai sa na'urar ne ke nema a madadinka, ya cire shi daga jimillar da zai caje ka. Riƙe wannan da kyau, zan dawo kansa. A lokacin da muka nema, dole gidan ya zama naka ne, da takardar EPC mai nuna ingancin makamashin gida wadda ba ta wuce shekara 10 ba, kuma sabuwar na'urar ta maye gurbin tsohuwar gaba ɗaya. Idan kana Sikotland, naku daban ne, ta Home Energy Scotland ake bi, kuma mutanen karkara suna da ƙarin fam 1,500 a kan 7,500 ɗin.

Famfon zafi na iska shi na zaɓa, kuma da za a sake, shi zan sake zaɓa. Firji ne aka juya masa aiki: maimakon ya fitar da zafi waje, sai ya tsamo ɗumin da ke cikin iskar waje, ko da ana ƙanƙara, ya tura shi cikin ruwan da ke zagaya radiyetocin gida, ƙarafan jikin bango da ke ɗumama ɗaki. Idan an sa shi daidai, kowane ma'auni ɗaya na lantarki da ya ci yana mayar da kusan uku na ɗumi. Akwatin yana zaune a waje kamar na eyakwandishan, ƙararsa ba ta wuce gurnanin firji babba ba, kuma kwana biyu zuwa huɗu sun isa a gama aikin.

Amma yana da hali. Ruwansa ba ya tafarfasa radiyeto kamar yadda boilar mai, wato tukunyar dumama mai cin kananzir, ke yi, ɗumi ne mai laushi da ke son a bar shi yana tafiya a hankali yini guda. Uwargida ta yi sati biyu tana taɓa radiyeto tana cewa abin nan bai aiki, alhali ma'aunin ɗaki yana kan digiri 21. Saboda wannan laushin, wasu radiyetocin sai an canza su da manya. Mu dai radiyeto huɗu muka canza. Kana kuma buƙatar wurin ajiye tankin ruwan zafi a cikin gida. Game da kuɗin wata, kada kowa ya ruɗe ka: mai barin furofen zai ga sauƙi sosai, mai barin kananzir kuwa sau da yawa kunnen doki ake yi, sai in ya koma farashin wuta na musamman da wasu kamfanoni ke ba masu famfon zafi. Ni abin da na saya shi ne barci, na daina leƙa tanki da tocila a watan Janairu.

Famfon zafi na ƙasa ya fi kowa iya aiki, amma sai an haƙe maka lambu ko an yi rijiyar burtsatse, tallafin kuma ɗaya ne da na iska, ragowar kuɗin na iya ninkawa. Idan ba gona gare ka ba, wuce. Mai cin itace kuwa sai gidan karkara da babu bututun gas, kuma ka sake komawa jiran mota, ga ɗakin ajiya, ga kwashe toka. Na baro wannan tun a murhun kakata. Haɗin gambiza na boila da famfon zafi ba ya samun tallafin, haka nan faifan sola, duk da cewa yana rage kuɗin wuta idan ka sa da aljihunka.

Yanzu ga inda na ƙone. Kafin in san duk wannan, wani ya ƙwanƙwasa mana ƙofa da riga mai tambari da allon rubutu a hannu, ya ce an zaɓi layinmu a shirin gwamnati, gurbi uku suka rage, fam 500 kawai zan ajiye a riƙe mini wuri. Bakinsa kamar zuma. Na tura ta banki a tsaye a bakin ƙofa. Lambar wayar ta yi sati ɗaya tana shiga, daga nan shiru kake ji.

Babu wani gurbi da ake riƙewa, babu kuɗin fom, kuma Ofgem ba ta aiko kowa gida-gida. Abin da take yi shi ne, bayan mai aikin ya shigar da buƙata, za ta tuntuɓe ka ta imel ka tabbatar da yardarka. In ba ka ga wannan saƙo ba, ba a nema maka komai ba. Mai aikin dole ya kasance yana da rajistar MCS, tsarin da ke tantance masu sa irin waɗannan na'urori, kuma kada ka yarda da tambarin da ke jikin mota ko takarda, ko yaro zai iya buga shi. Shiga shafin MCS da kanka ka nemi sunan kamfanin, sannan ka kira lambar da ke shafin, ba wadda aka miƙo maka ba, domin akwai masu aron sunan kamfanin kirki. Tambaye shi ko yana ƙarƙashin RECC ko HIES, ƙungiyoyin da ke kare mai saye. Kuɗin kafin alƙalami kuma ka biya da katin bashi: sashe na 75 na dokar bashin mabukata yana sa banki ya ɗauki alhaki a kan sayayyar da ta haura fam 100 zuwa 30,000. Da na san haka, da fam 500 ɗina sun dawo. Yarjejeniyar da ka sa wa hannu a falonka kana da kwana 14 na fasawa, duk wanda ya ce ka yafe wannan don a yi sauri, raka shi ƙofa.

Akwai kuma cutar da ba ta ɓarawo ba, ta mai ganda. Wanda ya ba ka farashi ta waya, ko ya zagaya gidan cikin minti goma, bai auna komai ba. Mai aikin kirki yana shiga ɗaki-ɗaki da tef, ya duba tagogi da kaurin bango da rufi, ya rubuta maka yawan ɗumin da kowane ɗaki ke zubarwa. Wanda ya yi mana ya kwashe awa biyu har shayinsa ya huce. In na'ura ta yi ƙanƙanta za ka sha sanyi, in ta yi girma za ta riƙa kunnawa tana kashewa tana cin wuta. Nemi farashi daga mutum uku, ka ajiye takardun gefe da gefe, ka duba zafin ruwan da kowa ya tsara a kai. Mai digiri 45 ya fi mai 55 sauƙin kuɗin wata. Ka duba an rubuta tallafin a fili an cire shi, kuma ba a ɗora maka harajin VAT ba, don a yanzu sifili ne a kan wannan aiki har zuwa Maris na 2027.

Tambayi kuma wa zai kwashe tsohon tankin da ragowar man da ke ciki. Biyu daga cikin ukun da suka ba mu farashi ba su sa shi a lissafi ba sai da na yi magana. Takardar tallafin famfon iska wata uku take yi kafin ta mutu, don haka kada a nemo ta sai an tsayar da ranar fara aiki, kuma ka sa ranar ta faɗo a bazara, lokacin da kwana uku babu ɗumi ba zai dami kowa ba.